Masu Cin Girkin Guat Neo

Duk wanda ya biya kuɗin shiga gidan zuri'ar Seet da ke garin Malaka, hotuna uku yake tafiya da su a waya: na gadon amare, na matakalar da aka shafa wa ruwan zinariya, sai na Bibik Guat Neo, Bibik kuwa shi ne yadda ake kiran dattijuwa a can. Ita ce tsohuwar da ke zaune a tsakar gida ta biyu, inda rufi ya buɗe ruwan sama ke sauka, sanye da riga mai ɗinkin furanni da zani, tana jera ƙananan duwatsun ado a fuskar takalmi. Maganar gaskiya, ta fi shekara biyar ba ta ganin kafar allura. Takalmin nan guda ɗaya take ta juyawa a cinya, kuma ba baƙon da ya taɓa lura. Su dai a ce musu tsohuwar ta gaske ce, a gidan aka haife ta, sai su matso su ɗauka.

A gidan aka haife ta kuwa, shekara saba'in da takwas da suka wuce, a ɗakin saman da yanzu aka gitta wa jar igiya. Kakan ubanta ne ya gina gidan lokacin da ake da abin hannu. Kafin abin ya zo kan ubanta, wanda akawu ne a kamfanin roba, saura suna da kujerun baƙin katako. 'Ya'ya biyu suka rayu masa: Hock Seng, namiji, wanda aka tura karatu Singafo, da ita, wadda aka tura kicin tun tana shekara tara.

A zamanin nan masu neman wa 'ya'yansu mata ta lungun bayan gida suke bi da hantsi, su kasa kunne su ji dakan kayan miya. Daga sautin taɓarya ake gane yarinyar da ta iya girki da wadda ke wasa da turmi. Dakan Guat Neo ya yi suna a layin, har gida biyu suka aiko. Ana cikin magana ubanta ya faɗi ya mutu, tana shekara goma sha tara. Aka shiga makoki na shekara uku, baƙaƙen kaya, sannan shuɗi, sannan kore, ba biki ba lalle. Ranar da ta cire koren ba ta cika wata biyu ba uwarta ta sami shanyewar ɓarin jiki. Shekara goma sha biyu tana ɗagawa tana kwantarwa. Kafin a gama, masu kasa kunne a lungu sun aurar da 'ya'yansu har sun yi jikoki.

Kwana uku kafin uwar ta cika, ta riƙo hannun 'yarta da hannun da ke motsi, ta ce, "Hock Seng ya tafi ke nan. Matarsa ko kwanon matattu ba ta bambance shi da na masu rai. Ke kaɗai ce. Kada ki bar mu da yunwa."

Ta ce, "Ba zan bar ku ba, Mak."

Su biyun duk sun san abin da ba a faɗa ba. Macen da ba ta yi aure ba, ba a kafa mata allon suna bayan mutuwa a teburin kakannin gidan ubanta. Wurinta gidan miji ne, in babu miji babu wuri. Za ta ciyar da su har ƙarfinta ya ƙare, in ta mutu ta bi sahun marasa kowa, waɗanda ake ajiye wa ɗan abinci a bakin titi a wata na bakwai don kada su shigo gida. Tsohuwar ta san da haka sarai, ta dai ɗauki alkawarinta ta rufe ido. Son kai ne, ko da uwa ce ta yi shi.

Alluna takwas ne a kan teburin, a zaure na uku. Kowanne katako ne mai tsawon kamu biyu, da sunan mai shi da ruwan zinariya. A bayansa akwai ɗan murfi da ake zarewa, a ciki an rubuta ranar haihuwa da ranar mutuwa da baƙar tawada. A nan ran mamaci yake zama. Shekara arba'in da huɗu Guat Neo ba ta tsallake rana ɗaya daga ranakunsu ba: jajibirin sabuwar shekara, lokacin sharar kaburbura, tsakiyar wata na bakwai, da ranar mutuwar kowannensu. Kwano goma sha biyu na miya, takwas na shinkafa, shayi da 'yar giya, duk a cikin tangaran mai shuɗi da fari, kuma dole a gama kafin rana ta take tsaka. Ubanta sai da pongteh, naman alade da dankali a miyar daddawar waken soya. Uwarta kaza da keluak, baƙin ƙwallon nan da sai an jiƙa shi kwana biyar ana sauya ruwa kafin ɗacinsa ya fita.

In ta jera, ta kunna tsinken turare, sai ta durƙusa ta fito da kwabbai biyu na zamanin Turawa, masu kan sarki a gefe ɗaya da lamba a ɗaya gefen. Da su ake tambayar matattu. A jefa a ƙasa: in ɗaya ya nuna kai ɗaya lamba, sun ce i. In duka lamba ne, sun ce a'a. In duka kai ne, dariya suke yi, a dakata a sake tambaya. "Kun iso?" "Kun ƙoshi?" Ba ta taɓa kwashe kwano ba sai sun ce sun ƙoshi, ko da gwiwoyinta za su sage.

Shekara shida da suka wuce Hock Seng ya mutu a Singafo, gida ya faɗa hannun ɗansa Kim Leong, wanda ya shiga coci ya koma Clement. Ba mugun yaro ba ne a fuska. Ya zo da masu auna bango, ya ce gara ta cinye katakon rufi, gyara kuma sai an mai da gidan wurin kallo zai iya ɗaukar kansa. Ya kama wa gwaggonsa ɗaki a wani bene wata huɗu. Da ta dawo ta tarar da igiyoyi, da 'yan takardun bayani a jikin kowace kujera, da wata Letchumi, Ba'indiya mai kimanin shekara hamsin, a bakin ƙofa tana yankar tikiti. Ita kuma aka ba ta ɗakin bayan kicin, inda masu aiki ke kwana a da. Allunan suna nan a jere, sai dai an sa su a akwatin gilashi an kulle.

"Saboda hannun baƙi, Ko Chik," in ji shi, don haka ake kiran ƙanwar uba. "Na sa an sabunta musu zinariya ma. Dubi yadda suke ƙyalli."

Ta ga ƙyalli, don shi kaɗai yanar idonta ke bari ta gani. Har ta sa masa albarka. Ta ci gaba da girkinta, kwabbai suka ci gaba da amsawa, baƙi kuma suka ƙaru a ranakun da take jera kwanuka, don an buga ranakun a takardar talla.

Ana gobe sha biyar ga wata na bakwai, wajen ƙarfe uku, sai ga Bibik Bulat ta shigo tana dogara sanda, ta rako surukan jikarta da suka zo daga Ostareliya. Tare suka taso a layin, tare suka yi shekaru suna karta kafin Bulat ta koma gidan ɗanta a bayan gari. Ta saki baƙinta suka hau sama, ta zube a kujerar da aka rubuta kada a zauna.

"Ke Guat Neo, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Jira nake ki fara, in ga ko akwati zai ɗauke ki."

"Ji baki! Ni da za a biya kuɗi a kalle ni kamar biri, ai da kunya ta kashe ni tuni."

"Wa zai biya ya kalle ki? Ko kyauta sai an haɗa da lallashi."

Suka yi dariya har Bulat ta sarƙe. Da ta lafa sai ta ɗaga hanci. "Warin keluak nake ji? Ke dai ba kya gajiya da wahala. Wa kike jiƙa wa?"

"Gobe sha biyar ga wata. Ko tsufa ya sa kin manta da naki matattun?"

"Ni na je wa nawa tun shekaranjiya, a haikalin kan tudu. Har na gaishe miki da naku. Layi na tara, sama da tsohona kaɗan. Na kunna musu tsinke ɗaya, don na ga alamar ba mai zuwa. Na ce ƙafa ce ta hana ki, ai hawan nan ba wasa ba."

"Nawa wa?"

"Naku mana, 'yan gidan Seet. Su takwas reras. Jikata ce ta karanto mini sunayen, na ce a'a, ai wannan uban Guat Neo ne, mai tsawa in mun yi surutu."

"Kin ruɗe, Bulat. Seet nawa ne a garin nan? Nawa ga su can a zaure."

Bulat ta buɗe baki, ta dubi fuskar ƙawarta, ta rufe. Mace ce mai surutu amma ba wawuya ba ce. Ta ce, "To, wataƙila. Kin san idon tsufa." Ta miƙe da ƙyar ta bi baƙinta, kuma da za su fita ba ta biyo ta tsakar gidan ba.

Guat Neo ta zauna da takalmin a cinya har aka rufe ƙofa ƙarfe biyar. Tana ta faɗa wa kanta Bulat ta saba kwaɓa. Amma akwai abin da ta sani wanda ba kowa ya sani ba. Sabuwar shekarar farko bayan mutuwar uwarta, hannunta ya ture kyandir, wuta ta lashi gindin allon uwar ta hagu, ta bar tabo kamar girman babban yatsa. Ta yi kuka ranar kamar ta ƙona uwar da ranta. Ruwan zinariya yana rufe baƙi, amma ba ya cike rami.

Ta iske Letchumi tana haɗa jakarta.

"Ba ni makullin gilashi."

"Bibik, maigida ya ce..."

"Maigida? Ni na wanke masa kashi a gidan nan. Ba ni."

Letchumi ta miƙa makullin ba tare da ta ɗago ido ba, ta biyo ta a baya.

Ba a taɓa allon mamaci sai da izininsa. Guat Neo ta durƙusa, ta ce, "Mak, zan taɓa ki, kin yarda?" Ta jefa kwabbai, ta lalubo su da yatsu. Kai da lamba. Ta buɗe gilashin, ta ɗauko na uku daga dama.

Tun daga nauyi ta sani. Na uwarta katakon kafur ne mai nauyi, wannan kuwa kamar faifai. Ta shafa gindin ta hagu, sumul. Ta juya bayansa ta nemi murfin da ake zarewa, babu ko tsaga, katako ne guda an shafe shi da fenti. Ta ɗauko na ubanta, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har takwas, don zuciya ba ta yarda da wuri. Da ta gama ta mayar da kowanne wurinsa, a hankali, kamar yadda ta saba.

"Kin sani?" ta tambaya, ba ta juyo ba.

"Ina nan ranar da mota ta zo ɗaukar allunan," in ji Letchumi. "Da mai addu'a, da laima baƙa aka rufa musu har cikin mota. An yi komai yadda ake yi, Bibik, na gani da idona. Ya ce in na gaya miki bakin aikina. Ina da 'ya'ya uku."

"Shekara shida kina cin ragowar girkina, kina cewa ya yi daɗi."

"Ya yi daɗin ne."

"Kira mini shi."

Letchumi ta danna waya ta kara mata a kunne. Clement ya ɗauka da fara'a, fara'ar ta gudu da ya ji tambayar. Sai ya fara magana da muryar da ake lallashin mara lafiya.

"Ko Chik, ki saurare ni. Ba zubar da su na yi ba. Suna wuri mai kyau, da sanyi, ana musu addu'a sau biyu a wata. Ni ba na riƙe tsinken turare, kin sani, 'ya'yana ma haka. In kin kwanta dama wa zai yi? Gara a kai su tun da sauran mai tunawa."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Da kin kwanta a bakin ƙofa kin ce sai dai a taka ki."

"Da na kwanta. To da ka kai su, me ya sa ka jera mini itace? Me ya sa ka bar ni ina durƙusa wa fenti?"

Ya ja numfashi. Da ya yi shiru a nan da ya fi masa, amma baki shi ke yanka wuya.

"Na ga yana ba ki abin yi. Kuma baƙi suna son gani, Ko Chik. Duk garin nan gidanmu ne kaɗai ake yi da gaske."

Ta ture wayar daga kunnenta. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Abin ya fi ƙarfin kuka: shekara shida uwarta na jiran kwano. Ta wuce kicin, ta sauya wa keluak ruwa na ƙarshe.

Washegari ƙarfe bakwai ta gama girki. Ta zuba a langar ɗaukar abinci mai hawa huɗu, ta sa kaya masu shuɗi, ta hau tasi zuwa gindin tudu. Matakala sittin da wani abu ce. Ta hau su tana hutawa, langa a hannu ɗaya, ɗayan a jikin ƙarfe. A bakin zauren alluna wata mai hidimar haikali, mai askakken kai da riga ruwan toka, ta tare ta da ladabi.

"Sannu, Bibik. Me ke cikin langar?"

"Abincin iyayena."

"Da nama?"

"Pongteh ne da kaza. Da me kike so in dafa shi, da ganye?"

"Ki yi haƙuri, nama ba ya shiga nan. Ko ƙwai ba ya shiga. Akwai lemo da taliyar ganye a teburin gaba, na kowa da kowa ne."

"Ubana bai taɓa cin taliyar ganye ba da ransa."

"To yanzu ya saba," in ji matar, ba da gatse ba. Ita iyakar abin da ta sani ke nan.

Guat Neo ta ajiye langar a waje kusa da takalma, ta shiga hannu wofi. Zauren dogo ne, da sanyin na'ura, bango uku cike da alluna tun daga ƙasa har rufi, ɗaruruwa, kowanne da 'yar lambarsa. Matar ta duba littafi, ta kai ta wani lungu, ta nuna sama. Layi na tara ya fi tsayin mutum biyu. Guat Neo ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai hazo mai ruwan zinariya.

"A sauko mini da su."

"Ba a saukowa, Bibik. In an kafa an kafa."

"To hau ki duba mini na uku daga dama. Shafa gindinsa ta hagu."

Matar ta jawo tsani ta hau. Can ta ce, "Akwai ɗan rami, kamar ƙuna."

Guat Neo ta matso gindin tsanin. Ta durƙusa a kan tayil mai sanyi, ta ce, "Mak, ni ce. Na zo." Muryarta ta fita kamar ta yarinya. Ta lalubo kwabbanta. "Kuna nan?" Kai da lamba. "Kun ci abinci?" Ta jefa. Lamba da lamba. Ta ce, "Ban sani ba ne, Mak. Na rantse ban sani ba. Kullum ina dafawa." Ta sake jefawa. Lamba da lamba. Ta jira, ta sake, na uku. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin tsani, matar ta ɗauko mata, ta ce a hankali, "Lamba ne shi ma."

Ba a tambaya ta huɗu. Ta daɗe a durƙushe. Abincin yana can bakin ƙofa, taku ashirin, yana hucewa a tsakanin takalman mutane, ba ta da ikon shigo da shi, su kuma ba su da ikon fita. Alkawarin da ta sayar da rayuwarta a kansa ya karye tun shekara shida, kuma ba zai gyaru ba.

Da matar ta taimaka mata ta miƙe, sai ta yi tambayar da ba ta yi niyya ba.

"Akwai gurbi kusa da su?"

Matar ta duba littafin. "Takwas aka kama, takwas aka cike. Na gefensu wani mai sayar da tayoyi ne."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki langarta ta fara sauka.

A cikin tasi ne wata tambaya ta taso mata, ta ƙi kwanciya. Shekara shida tana jefa kwabbai a zauren gida. Tana cewa kun iso, ana cewa i. Tana cewa kun ƙoshi, wani lokaci a ce a'a, ta jira, a ce i. Jiya ma da ta nemi izini an ba ta. Kwabo ba ya faɗuwa da kansa, wannan ko yaro ya sani. In iyayenta suna kan tudu, to wa ke amsa mata?

Ta iso gida goma ta wuce. Letchumi ta taso da sauri ta karɓi langar, ta ji ta da nauyi yadda ta tafi.

"Ɗora a wuta," in ji Guat Neo. "Ki fito da masu shuɗi da fari."

"Bibik, don wa kuma? Ai kin gani da hannunki."

"Na ce ki fito da su."

Suka jera. Kwano goma sha biyu, shinkafa takwas, shayi, giya. Ta kunna turare a gaban katakon da ta san fenti ne. Ta durƙusa. Wannan karon ba ta kira Mak ba, ba ta kira ubanta Bapa ba.

"Ku da ke nan, kun iso?"

Kai da lamba.

"Ku 'yan gidan nan ne?"

Lamba da lamba.

Letchumi ta ja da baya har jikin ƙofa. Ita ba addininta ba ne, amma ta gane amsar.

"Marasa kowa ne ku? Na bakin titi?"

Kai da lamba.

Ko wace Nyonya ce, wato macen irin gidajensu, a garin nan ta ji wannan amsa, sai ta watsa gishiri da shinkafa, ta aika a kira mai korar fatalwa. Gidan da aka kwashe masu shi aka bar tebur a shimfiɗe, ai gayya ce. Guat Neo kuwa zama ta yi a kan dugaduganta tana kallon tururin da ke tashi daga pongteh. Ta san su waye. Matan da suka yi jinyar iyaye har lokaci ya wuce, da bayin da aka sayo suna yara suka mutu a ɗakin bayan kicin, da waɗanda 'ya'yansu suka tafi suka manta hanya. Duk shekara ana ajiye musu ɗan loma a bakin kwata, kan ganyen ayaba, karnuka na jira. A gidan nan ne kaɗai aka zaunar da su a tebur, aka zuba musu a tangaran, aka jira su ƙoshi.

"Ashe ku ne," ta ce. "To ku ci. Keluak ɗin kwana biyar ya yi a ruwa, ba ɗaci."

Ta bari turare ya ci rabi. Sannan ta tattara kwabban a tafin hannu, ta riƙe su ya fi yadda ta saba. Shekara arba'in da huɗu tana tambayar matattu, ba ta taɓa tambaya don kanta ba, don ta san amsar gidan ubanta.

"Kun san fuskata. Ba nisa ya rage mini ba. In na zo, za ku matsa mini wuri a teburin nan?"

Ta jefa. Ta miƙa hannu ta shafa na farko, kai. Ta shafa na biyu, ta sake shafawa don ta tabbata. Lamba.

Daɗi ya kama ta, daɗi na gaske, irin wanda rabonta da shi har ta manta. Ta yi 'yar dariya, ta ce, "Letchumi, kin gani? Sun ce i. Na sami wuri."

"Na gani, Bibik." Letchumi ta share ido da bakin mayafinta. Matar kirki ce, amma tunaninta a bakinta yake. "To amma ran nan, wa zai dafa?"

Guat Neo ta dubi kwanuka goma sha biyun. Ta dubi hannayenta. Wannan tambayar ba ta kai wa kwabbai ba.

Aka buga ƙararrawar ƙofa. Baƙin ƙarfe sha ɗaya ne, mota guda, sun zo ganin yadda ake ciyar da kakanni. Letchumi ta tafi buɗewa. Tsohuwar ta tsince kwabbanta, ta gyara wuyan rigarta, ta matsar da kwanon pongteh tsakiya inda hannun kowa zai kai, ta koma ta durƙusa.